Na daina shan maganin tayirod bayan mako uku, kasala kuma ta ƙi barina

Assalamu alaikum Anti. Ni mace ce mai shekara 33, ina da 'ya'ya uku, ƙaramarsu watanta 11 kuma har yanzu ina shayar da ita. Tun tana wata biyar na fara jin wata irin kasala wadda barci ba ya maganinta. Ina jin sanyi a lokacin da kowa ke kukan zafi, fatata ta bushe, gashina yana zuba, bayan gida ya yi mini tauri, ga yawan mantuwa, ga ƙiba ta kilo 7 alhali ban ƙara cin abinci ba. Maigidana yana ganin son jiki ne kawai, har ya fara yi mini gori da yadda nake da kazar-kazar a da. Wata uku da suka wuce na je asibiti aka ɗebi jinina, likita ya ce TSH ɗina ya kai 19, T4 kuma ya yi ƙasa, wato tayirod ɗina ba ya aiki yadda ya kamata. Ya rubuta mini lebotayiroksin, ya ce mai yiwuwa in sha shi iya rayuwata. Na sha na mako uku, kullum da safe ina haɗa shi da maganin ƙarin jinin da nake sha, in kora da shayi mai madara. Da ban ga wani sauyi ba sai na daina, ban kuma koma asibiti ba. Wata ƙawata ta ce idan jiki ya saba da irin wannan magani ba ya iya rabuwa da shi, gara in sayi ƙwayoyin ayodin in riƙa sha. Mahaifiyata tana da maƙoƙo. Ina tsoron kada maganin ya cutar da 'yata ta hanyar nono, kuma muna fatan ƙarin haihuwa nan gaba. Don Allah ki ba ni shawara.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba ki lafiya, ya raya miki zuri'a. Shawarata ta farko ita ce ki koma wurin likitan nan cikin wannan makon, ki faɗa masa gaskiya cewa kin daina shan maganin wata biyu da suka wuce, domin ya sake auna jininki ya mayar da ke kan magani. Kada kunya ta hana ki, domin ba ke ce ta farko da ta yi haka ba, kuma likita ya fi son wanda ya dawo ya faɗi abin da ya faru a kan wanda ya ɓace. Sai dai na lura daga wasiƙarki cewa an ba ki ƙwaya ne ba tare da an zaunar da ke an yi miki bayani ba, shi ya sa zan tsaya in yi miki shi dalla-dalla.

Tayirod wata 'yar halitta ce da ke gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro kaɗan, mai ɓangare biyu da suka haɗu a tsakiya kamar malam-buɗe-littafi ya buɗe fukafukansa. Nauyinsa a jikin babban mutum bai cika wuce giram 25 ba, amma sinadaran da yake zubawa cikin jini, waɗanda ake kira T4 da T3, su ne ke tsara saurin da kusan kowace gaɓa ke aiki da shi. Lambobin nan 4 da 3 adadin ƙwayoyin zarra na ayodin ne da ke jikin kowane sinadari. Mafi yawan abin da tayirod ke fitarwa T4 ne, daga baya hanta da ƙoda da sauran sassan jiki su cire masa ayodin ɗaya su mayar da shi T3, wanda shi ne mai ainihin ƙarfin aiki. Ki ɗauki jikinki kamar tukunya a kan murhu, waɗannan sinadarai kuma su ne ke iza wutar. Idan wutar ta yi ƙasa, komai na cikin tukunyar sai ya yi sanyi: abincin da aka ci ba ya ƙonewa ya zama ƙarfi da ɗumi yadda ya kamata, hanji ya rage motsi, zuciya ta rage gudu, fata da gashi su rage sabuntawa, tunani ma ya yi nauyi. Idan kika sake karanta wasiƙarki da wannan a zuciya, za ki ga cewa jin sanyin, da taurin bayan gidan, da bushewar fatar, da mantuwar, duk rassa ne na itace ɗaya.

Mutane da yawa suna ruɗewa da batun TSH, domin suna ganin lamba ta yi sama alhali ana ce musu aiki ya yi ƙasa. Shi TSH ba daga tayirod yake fitowa ba. Wata 'yar halitta ce a gindin ƙwaƙwalwa, mai suna fituwitari, take fitar da shi domin ta umarci tayirod ya yi aiki, kamar yadda mai sa ido kan ma'aikaci yake magana a hankali idan aiki na tafiya, ya ɗaga murya idan ya ga aiki ya tsaya. A yawancin ɗakunan gwaji, abin da ake ɗauka daidai yana tsakanin 0.4 da 4 ne ko kusa da haka. Naki ya kai 19, T4 kuma ya faɗi, ma'ana ƙwaƙwalwarki tana ta kwarara ihu amma tayirod ya kasa amsawa. Akwai mutanen da nasu ke ɗan haura iyaka kaɗan, kamar 5 ko 6, T4 ɗinsu kuma lafiya lau, waɗanda likita zai iya cewa a jira a sake aunawa. Ke kin wuce wannan rukunin, naki ya fito fili, kuma magani yake bukata.

Mako ukun da kika yi kina shan maganin bai isa a yanke masa hukunci ba, saboda dalili biyu. Na farko, lebotayiroksin ba kamar maganin ciwon kai ba ne da za a sha a ji sauƙi kafin azahar. Yana ɗaukar kusan kwana 7 kafin rabin abin da aka sha ya bar jiki, don haka a hankali yake taruwa, kuma sai ya kai mako biyar zuwa shida kafin ya daidaita a cikin jini. Wannan ne ya sa likitoci ba sa sake auna TSH sai bayan mako 6 zuwa 8 da fara magani ko da sauya adadinsa. Sau da yawa ma adadin da aka fara da shi ba shi ne za a tsaya a kansa ba, ana ƙarawa ne mataki-mataki gwargwadon abin da gwaji ya nuna da kuma nauyin mutum. Wasu sukan fara jin dama-dama cikin mako biyu ko uku, amma gashi da fata su ne na ƙarshe wajen farfaɗowa, sukan ɗauki watanni, har ma gashin yakan ɗan ƙara zuba a farkon magani kafin ya tsaya.

Dalili na biyu shi ne wanda ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarki, kuma na yi mamakin yadda ba a ja miki kunne a kansa ba. Kin ce kina haɗa shi da maganin ƙarin jini, ki kora da shayi mai madara. Sinadarin ƙarfe da ke cikin maganin ƙarin jini yana kama lebotayiroksin tun a cikin hanji ya hana shi shiga jini, haka ma kalsiyam, wanda ke cikin madara da wasu ƙwayoyin ƙarin lafiya da ake ba masu shayarwa. Wasu magungunan ƙwannafi da gyambon ciki ma suna yin haka, kofi da waken soya su ma suna rage shigarsa. Ke nan akwai yiwuwar wani kaso na abin da kika haɗiya cikin makonnin nan uku ya wuce ne kawai ba tare da ya amfane ki ba. Ƙa'idarsa ita ce a sha shi da ruwa zalla, ciki babu komai, a jira minti 30 zuwa awa ɗaya kafin a ci wani abu, sannan a bar tazarar awa 4 tsakaninsa da maganin ƙarin jini ko na kalsiyam. Abu mafi sauƙi a gare ki shi ne ki ajiye shi kusa da inda kike kwana, ki sha da kin farka, ki mayar da na ƙarin jinin zuwa rana ko yamma. Idan safiyar mai goyo ba ta ba ki wannan damar ba, ana iya shan sa lokacin kwanciya, muddin an yi awa uku da cin abincin ƙarshe, amma ki zaɓi lokaci ɗaya ki tsaya a kansa. Ki kuma adana shi inda zafi da laima ba za su kai gare shi ba.

Maganar ƙawarki kuwa, na tabbata da kyakkyawar niyya ta yi ta, amma ta juya lamarin ne. Lebotayiroksin T4 ne, irin wanda jikinki yake yi da kansa tun kina cikin mahaifiyarki, aka haɗa shi a masana'anta. Wanda yake shan sa iya rayuwarsa yana yin haka ne domin tayirod ɗinsa ya riga ya gaza tun kafin ya fara sha, kamar yadda mai raunin gani yake sa tabarau kullum ba tare da an ce tabarau ne ya raunana masa ido ba. Kuma wannan ba sabon magani ba ne da ake gwaji a kan mutane. Tun a 1891 wani likita a Ingila mai suna George Murray ya yi wa wata mata mai tsananin wannan ciwo allurar ruwan tayirod ɗin tunkiya, ta farfaɗo, ta ci gaba da karɓar maganin har ta ƙara shekara 28 a duniya. A 1914 Edward Kendall ya ware ainihin sinadarin a Amurka. Abin da ke hannunki yau tsaftataccen jikan wancan ne, wanda aka san adadinsa daidai a kowace ƙwaya.

Sauran tambayar ita ce ko naki na har abada ne, kuma a nan kalmar "mai yiwuwa" da likitanki ya yi amfani da ita tana kan hanya. Abu biyu ne suka fi kama da labarinki. Akwai kumburin tayirod na bayan haihuwa, wanda ke samun kusan mace 1 cikin 20. A lokacin goyon ciki garkuwar jiki takan lafa domin kada ta yaƙi ɗan tayi, bayan haihuwa sai ta farka da ƙarfi, a jikin wasu matan ta afka wa tayirod. Yakan fara da ɗan lokaci na yawan sinadari, mace ta riƙa jin bugun zuciya da zufa da rashin natsuwa a watannin farko, abin da akasari ake ɗora wa wahalar jego, sannan tsakanin wata huɗu da takwas ya juye zuwa ƙarancinsa. Lokacin da naki ya fara ya yi daidai da wannan. Mafi yawan masu irin wannan suna warkewa cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, amma wani kaso, kamar ɗaya cikin huɗu ko biyar, nasu yakan zauna. Na biyun shi ne ciwon Hashimoto, wanda ya samo sunansa daga likitan ƙasar Jafan Hakaru Hashimoto da ya bayyana shi a 1912. Shi ma garkuwar jiki ce ke cin tayirod a hankali, yana bin dangi, ya fi yawa nesa ba kusa ba a mata, kuma shi ne kan gaba wajen jawo wannan matsala a wuraren da mutane ke samun isasshen ayodin. Maƙoƙon mahaifiyarki zai iya zama alamar haka, don haka ki tambaye ta abin da aka ce mata game da shi, ki kuma sanar da likita. Akwai gwajin jini da ake kira TPO wanda ke nuna ko garkuwar jiki na yaƙar tayirod. Idan likita ya fi zargin na bayan haihuwa ne, yakan bari a yi watanni ana shan magani, sannan ya rage shi sannu a hankali yana aunawa domin ya ga ko tayirod ya farfaɗo. Ba a cika gwada rage maganin ba yayin da mace ke shayarwa ko take neman ciki, kuma ko kusa ba abu ne da mace za ta yi wa kanta a gida ba.

Ƙwayoyin ayodin da aka ce ki saya, ina roƙonki ki bar su. Gaskiya ne ƙarancin ayodin yana kawo maƙoƙo, kuma saboda shi ne ƙasashe suka fara zuba ayodin a gishiri, Suwizalan a 1922, Amurka a 1924, daga baya sauran duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana bukatar maikirogiram 150 a rana, mai ciki da mai shayarwa kuma 250. Amma idan garkuwar jiki ce ta lalata masana'antar, tara mata kayan aiki a bakin ƙofa ba zai tashe ta ba. Yawan ayodin ma yana iya ƙara dagula tayirod ɗin da ke fama da kumburi, kuma yana bi ta nono ya kai ga jaririya, wadda nata tayirod ɗin bai jure yawansa kamar na babba. Wasu daga cikin ƙwayoyin da ake tallatawa da sunan gyaran tayirod, musamman na ciyawar teku, suna ɗauke da ninkin-ba-ninkin abin da jiki ke bukata. Gishiri mai ayodin a girki, da abin da likita ya rubuta miki da kansa idan ya ga da bukata, sun wadatar.

Game da 'yarki, ki kwantar da hankalinki. Abin da ke shiga nono daga lebotayiroksin kaɗan ne ƙwarai, kuma sinadari ne da dama yake cikin nonon kowace uwa mai lafiya. Rashin shan sa ne ma yakan rage wa wasu matan ruwan nono. Inda nake so ki ba ni hankalinki sosai shi ne batun ƙarin haihuwa. A watannin farko na ciki, ɗan tayi ba ya iya yin nasa sinadarin, da na uwarsa yake gina ƙwaƙwalwarsa, kuma yana ci gaba da dogaro da ita har wajen tsakiyar goyon ciki. Mace mai TSH irin naki wadda ba ta shan magani takan sha wahalar samun ciki, idan kuma ta samu tana cikin haɗarin ɓari, da hawan jini na masu ciki, da haihuwar bakwaini, ga kuma illar da ka iya shafar ƙwaƙwalwar jaririn. Duk wannan yana raguwa matuƙa idan an daidaita sinadarin tun kafin ciki ya shiga. Don haka ku tattauna da likita yadda za ki ɗan dakata har jininki ya daidaita. Ranar da kuma kika tabbatar kina da ciki, kada ki ajiye maganin da tunanin kare jariri, ki sanar da likita nan take, domin bukatar jiki takan ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100 ko fiye tun daga makonnin farko, kuma za a riƙa auna ki kusan kowane wata a rabin farko na cikin. Idan kuma aka tabbatar na bayan haihuwa ne ya same ki, ki sani yana yawan dawowa bayan haihuwa ta gaba, don haka a auna ki ko da kin warke.

Ba zan yi miki alkawarin da ba zai cika ba a kan ƙibar. Abin da raunin tayirod ke ƙarawa a mafi yawan mutane bai cika wuce kilo biyu zuwa biyar ba, kuma mai yawansa ruwa ne da gishiri da jiki ya riƙe. Magani zai sauke wannan kason, ya kuma dawo miki da ƙarfin motsa jiki, amma sauran zai bukaci abin da kowace mai jego ke bukata, wato lura da ci da kuma motsi. Kada wani ya ruɗe ki da cewa ƙara ƙwaya zai ƙara saurin ramewa. Wuce adadi yana jawo bugun zuciya marar tsari, da rawar hannu, da rashin barci, kuma a tsawon lokaci yana cinye ƙarfin ƙashi. Idan kika ji irin waɗannan alamu bayan kin koma kan magani, ki koma asibiti a duba ko adadin ya yi yawa.

Ki kuma nemi a sake auna yawan jininki, tun da dama kina shan maganin ƙarinsa, domin ƙarancin jini shi kaɗai yana kawo kasala da zubar gashi, kuma sau da yawa yana tafiya tare da matsalar tayirod. Idan kuma bayan kasalar akwai ƙunci a zuciya, ko yawan kuka, ko jin cewa ba ki da amfani, ki faɗa wa likita da bakinki. Raunin tayirod yana kawo haka, ciwon damuwa na bayan haihuwa ma yana kawo shi, kuma dukansu biyu ana maganinsu.

Gorin maigida shi ne, a ganina, ya fi yi miki ciwo, ko da yake a layi ɗaya kika ambace shi. Wannan ciwo ba ya kwantar da mutum a gado kuma ba ya zuwa da zazzaɓi, shi ya sa na kusa da mai shi suke ɗaukarsa lalaci, har shi mai ciwon ya fara zargin kansa. Ba na zaton gardama za ta sauya masa ra'ayi, amma takarda za ta iya. Ki zaɓi lokacin da ransa ke sanye, ki nuna masa sakamakon gwajin, inda aka rubuta iyakar da ta dace da kuma lambar da taki ta kai, sannan ki roƙe shi ya raka ki asibiti ya ji daga bakin likita. Mazaje da yawa da suka ƙi yarda da kukan matansu sukan sauko idan suka ga lamba a rubuce. Ki gaya masa ƙarara cewa kina bukatar a rage miki wasu ayyuka na wata biyu ko uku kafin maganin ya kama jikinki, domin bukata mai iyaka ta fi saurin karɓuwa.

Akwai alamun da ba a jira da su: kumburi a wuya mai tauri ko mai saurin girma, dushewar murya da ta ƙi tafiya, wahalar haɗiya ko ta numfashi, ko barci mai nauyi da ruɗewa tare da sanyin jiki sosai. Idan ɗaya daga cikinsu ya bayyana, a tafi asibiti a ranar. In ba haka ba, ranar da za ki koma ki tafi da takardar gwajin farko, da kwalin lebotayiroksin ɗin, da duk wani magani ko ƙwayar ƙarin lafiya da kike sha, har da na gyaran gashi, domin masu ɗauke da sinadarin bayotin suna iya karkatar da sakamakon gwajin tayirod, kuma akan so a dakatar da su aƙalla kwana biyu kafin a ɗebi jini. Kafin ki fito daga ɗakin likita, ki tabbatar ya rubuta miki ranar da za ki dawo a sake auna TSH, wato mako 6 zuwa 8 daga ranar da kika koma kan maganin. Ki rubuto mini bayan wannan gwajin in ji lambar da ya nuna.